Takardar Haihuwa Ta Tsare Ni a Nguru

Assalamu alaikum, malam mai karanta mana wasiƙu.

Ni malamin makaranta ne a Nguru. An kira ni Damagaram in koyar da Turanci. Na sami fasfo, amma Faransawa sun ce babu izinin aiki sai da takardar haihuwa.

Na tafi Gashuwa wurin gwaggona, wadda ta yi mini wankan farko. Ta ce, "Ɗan nan, ga ka tsaye har da furfura, wa ke musun an haife ka?" Duk da haka ta yarda ta yi shaida gaban alƙali.

Nakan yi shakkar Turancina, amma ba na shakkar tafiyar nan. Masu sauraro, wanda ya taɓa ƙetarawa ya faɗa mini, Faransawa suna karɓar hatimin alƙali? In ba sa karɓa, da gwaggo zan tafi.