Lambar Sirrin da Duk Layi Ya Sani

AUTA: Salamu alaikum, Umma.

UMMA: Wa alaikumus salam. Auta? Kina jina?

AUTA: Ina jinki. Ina wuni?

UMMA: Lafiya lau. Ya aiki? Ya maigidan?

AUTA: Lafiya ƙalau. Ya ƙafar taki?

UMMA: Da sauƙi. Ya yaran? Mai murar ta warke?

AUTA: Har ta koma makaranta. Umma, haki nake ji kina yi.

UMMA: Ba komai. Ya... ya aiki?

AUTA: Kin tambaye ni aiki fa. Me ya faru?

UMMA: Yayanki ne. Aikin da za a yi masa a asibiti aka dawo da shi yau.

AUTA: Innalillahi! Ba sati mai zuwa aka ce ba?

UMMA: Matarsa ta kira, wai likita ya ce ƙodar ba za ta jira ba. Yanzu haka shirya shi suke yi. Ya ce yana so ya gan ni kafin a shiga da shi. Ya kira da bidiyo a babbar waya, ko gaisawa ba mu yi ba fuskarsa ta daskare, abin nan sai juyawa yake. Ya sake kira, haka.

AUTA: To ki buɗe data mana.

UMMA: Babbar ai ba layi a ciki, da wayifai take aiki. Ke kika haɗa min, kin manta?

AUTA: Haka ne. Je wurin akwatin wayifai ɗin. Fitilunsa a kunne suke?

UMMA: Me? Murya tana yankewa.

AUTA: Fitilu! Suna ci?

UMMA: Suna ta ƙifta ido kamar marar gaskiya.

AUTA: Zare shi daga soket, ki ɗan jira, ki mayar.

UMMA: Na zare. Auta, idan aka shiga da shi ban gan shi ba fa?

AUTA: Za ki gan shi insha Allahu. Mayar yanzu. Kunnuwan nan nasa a tsaye suke?

UMMA: Bari in cire ƙyallen.

AUTA: Wane ƙyalle kuma?

UMMA: Wanda na lulluɓe shi da shi. Abu ya zauna tsirara a bakin taga?

AUTA: Taga? Ni a kan kabad na bar shi, tsakiyar falo. Wa ya kai shi taga?

UMMA: Ni. Tela ne ya ce ba ya isa shagonsa sosai.

AUTA: Tela? Me ya haɗa tela da wayifan gidanmu?

UMMA: Ɗinki yake gani a ciki, bawan Allah. Ya tambayi lambar sirrin, na ba shi.

AUTA: Shi kaɗai?

UMMA: Da mai aski. Da mai kanti, ita karatu take saurare. Sai 'yan matan gidan sama, jarrabawa gare su. Mai gyaran babur kuwa ban ba shi ba, ina jin mai aski ne ya ba shi.

AUTA: Umma! Ai ba lambar sirri ba ce wannan, sanarwa ce. Jama'a guda a kan abu ɗaya, kowa na jan nasa, me zai rage miki? Shi ya sa hoton ke daskarewa.

UMMA: Yo abin da ke yawo a iska, har ƙarewa yake?

AUTA: Yana ƙarewa mana! Saurara, canza lambar za mu yi yanzu, duk su sauka. Juya akwatin, akwai rubutu a ƙasansa...

UMMA: A'a.

AUTA: A'a me?

UMMA: Ba zan rufe wa maƙwabta ƙofa a ɓoye ba. Gidan nan ba a taɓa hana ruwa ko wuta ba, ba a kaina za a fara ba.

AUTA: Umma, ɗanki za a yanka!

UMMA: Na sani, ni na haife shi. Ranar da babanku ya faɗi a tsakar gida kuna ina? Mai askin nan ne ya saɓa shi a kafaɗa, aska a hannu, ya bar mutum da rabin kai.

AUTA: Na ji, Allah ya saka masa. Amma lokaci...

UMMA: Ga shi ya sake kira! Ya ɗauka... ya daskare. Ya Allah. Sun sa masa rigar asibiti.

AUTA: Don Allah juya akwatin.

UMMA: Ke kin ce in suka sauka zai yi?

AUTA: Zai yi. Amma ta yaya za ki... Umma? Ƙarar me nake ji?

UMMA: Sakata ce. Ina mayafina... oho dai. Tela! Kai tela! Mai aski!

AUTA: Titi kika fita? Da wannan ƙafar?

UMMA: Ku taimake ni ku sauka daga wayifai! Ɗana za a yi wa aiki, so nake in gan shi! Eh, yanzu-yanzu! 'Yan mata, ku leƙo! Ku kashe, Allah ya yi muku albarka!

AUTA: Me suka ce?

UMMA: Tela ya bar kekensa yana bi shago-shago. Ji mai kanti, har da salati. Wai ashe mai wanki na bayan layi ma yana kai.

AUTA: Ikon Allah. To koma ciki, ki tsaya dab da akwatin, kar bango ya shiga tsakaninku.

UMMA: Ina shiga. Ku shigo, ku shigo, amma ku yi shiru. Auta, falo ya cika.

AUTA: Ke dai riƙe wayar sosai.

UMMA: Ba ya kira. Auta, ba ya kira. Ko sun shiga da shi?

AUTA: Ke ki kira shi. Taɓa hoton kyamarar, sama ta dama.

UMMA: Ungo. Mai aski, danna min. Yana shiga... yana shiga... Ga shi! Yana motsi! Tura shi suke a gado. Ɗana, ga ni. Ina ganinka sarai. Kada ka ji tsoro, ka ji? Ga jama'a nan duk addu'a suke maka. Allah ya tashi kafaɗarka.

AUTA: Umma, kara min wayar kusa da shi in ji muryarsa!

UMMA: Yi sauri, katin wayata ya kusa ƙarewa, sun kusa ƙofa.

AUTA: Yaya! Yaya, ni ce Au...