A Zo a Gwada Makirfon a Teburin Baban 'Yan Biyu

Shugaban taro, manyan daraktoci, injiniyoyin kamfanin da ya sayar mana da na'ura, 'yan'uwana ma'aikata maza da mata, assalamu alaikum. Na gode da aka ba ni dama, ko da yake raina a ɓace na hau nan, kuma ba zan ɓoye ba.

Duk kun san akawunmu, Baban 'Yan Biyu, wanda hatsarin mota ya raba da hannuwansa biyu. Da bakinsa yake aiki. Yana faɗa, kwamfuta tana rubutawa, shekara da shekaru babu wanda ya taɓa kuka da shi. Yau an ce aikinsa ya ja baya, in wata ya ƙare a sallame shi. Teburina yana jikin nasa, don haka ku saurari abin da idona ya gani.

Na farko, an cire masa tsohon makirfonsa mai maƙalewa a kunne, an kafe sabo a tebur, wai ya fi kyan gani. A ina aka gwada sabon? A ofishin darakta, mai kafet da labule, ƙofa a rufe, ko ƙuda ba ya motsi. Shi kuwa akawu, janareta na ruri a bayan tagarsa, fanka na ƙara a kansa, masinja na jan kujera. Makirfon nan janareta yake saurare, jama'a, ba mutum ba!

Na biyu, ya kai kuka. Na ga dattijon nan ya duƙa har haɓarsa na taɓa tebur, yana maimaita jimla ɗaya har muryarsa ta dushe, allon kwamfuta fari fat. Da injiniya ya amsa waya, da kunnena na ji ya ce masa, "Baba, ai da sauƙi. Ɗauki makirfon ka riƙe kusa da bakinka." Akawu ya ce, "Da wanne hannun, ɗana?"

Wallahi ni na ji kunyar, ba injiniyan ba. Ba ku taɓa zuwa teburin akawun kun gan shi ba, amma kun yanke masa hukunci.

Na uku, ga buƙatarmu. A mayar masa da makirfon kunne mai tace hayaniya. A zo a saita manhajar kwamfutar da muryarsa, a teburinsa, janareta a kunne, fanka na juyawa. A janye maganar sallama har sai an yi haka. In kuwa an ƙi, to a kwashe teburin darakta a kai bayan tagar nan, ya yi mana yini guda yana magana da na'urar, mu ga shafi nawa zai cika.

Ga shi can a layin baya, 'yan biyunsa na gefensa da kayan makaranta. Ku juya ku dube shi kafin ku sa hannu, ku da kuke da hannun sawa.

Allah Ya ba shugabanninmu kunnen jin na ƙasa, Ya tsare wa kowa hanyar abincinsa, Ya mayar da mu gidajenmu lafiya. Na gode.