Allon Tinktinkie da Ya Ƙi Shiga Gidan Tarihi

Shugabar wannan taro, kuma shugabar gidan tarihin garinmu Pietermaritzburg, Mama Zodwa Mthethwa, babban baƙonmu, ubangidana Oom Gideon Labuschagne, wanda ya kafa kamfanin Tinktinkie, tsofaffin abokan aikina da dalma ta ƙona wa yatsu, 'yan jarida, da ku da kuka shigo don kun hango tiren shayi: ina gaishe ku, kowa da girmansa.

Ina godiya da aka ba ni wannan dama, ni Goolam Vawda, tsohon mai tallan kamfanin. Na san dalili. An ga akwatin gilashin da ke bayana wayam yake, aka ce a nemo wanda ya saba rufe abin kunya da daɗin baki.

Oom, tun da aka turo kekenka idonka na kan akwatin nan. An ɗauko ka daga gidan tsofaffi da alkawarin za ka ga allonka na farko. A mota ka ce mini, "Goolam, kamfani ya mutu, matata Marietjie ta rasu, ma'aikata sun watse. In ga allon nan kawai, in san ban yi zaman banza a duniya ba." Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai. Ka yi mini haƙuri kaɗan.

Na farko, tarihi. A ƙarshen shekarun saba'in, a garejin Oom, aka fara ƙera allunan nan, ƙananan kwamfutoci masu faɗin tafin hannu da ake cusawa cikin injinan masana'antu su riƙa ba su umarni. Masana'antar sukari kuwa zafi gare ta, don haka sai an gasa allo an ga ya jure kafin a sayar. Kuɗin na'urar gwaji babu. Abin da ake da shi tanderun matarsa ne, Tannie Marietjie, ita kuma ta kafa sharaɗi: "Gideon, wutata ba ta ci a banza. In ƙarafunanka za su kwana a ciki, da biskit ɗina za su kwana."

Haka aka yi. Allo a sama yana aiki, biskit a ƙasa yana bushewa, irin namu da sai an tsoma a shayi kafin haƙori ya shige shi. Kowane allo kuma da biskit ɗinsa muke sa shi a kwali. Wasu kamfanoni takardar shaida suke bayarwa, mu abin karin kumallo. Na ga babban injiniyan wata masana'anta ya ture allo gefe, ya gutsuri biskit, ya tauna, ya ce, "Wannan ya gasu, a saka shi."

Na biyu, abin da ya kashe mu. 'Yan jarida, ku rubuta da kyau: ba gasa ba ce, ba bashi ba ne, taurin ran kayanmu ne. Ku tausaya wa mai talla, jama'a! In koma wurin mai saye da sabuwar taye a wuya, ya ce, "Bhai Goolam, na bara yana nan lafiya." In koma bayan shekaru, ya ce yana nan lafiya. In koma da furfura, ɗansa ya tare ni ya ce yana nan lafiya, ko na zo da biskit? Na roƙi Oom, "Don Allah ka rage gashin nan, ko guda ɗaya ya mutu mu samu na cefane." Ya dube ni kamar na zagi kakarsa. Muka sayar wa kowa sau ɗaya, kowa ya gode, muka rufe ƙofa.

Na uku, akwatin nan. Mama Zodwa ta aike ni in karɓo allo na farko daga wata ƙaramar masana'antar sukari da ke hanyar Eshowe. Na tafi da auduga da kwali, har da 'yar addu'a, don a zatona gawa zan ɗauko. Na tarar da shugaban masu dafa ruwan rake, Baba Mzwakhe Cele, na gaya masa abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Gidan tarihi? Wa ya gaya maka ya yi ritaya?"

Ya buɗe wani akwatin ƙarfe, sai ga shi, ya yi baƙi da ƙurar rake, 'yar fitilarsa tana ƙyaftawa, yana ta lura da zafin tukunya. Na ce za mu sayo masa sabo. Ya ce, "Sababbi nawa na binne a kusa da shi? Taɓa shi ka gani, Baba Vawda. Kai za a saka a gilashin, ai ka fi shi tsufa."

Na dawo da kunyata, da kuma buhu guda da ya ɗora mini a mota.

Don haka ina roƙon shugaba, ina roƙon mahalarta, a bar akwatin nan yadda yake. A rubuta a jikinsa cewa mai wurin yana bakin aiki.

Oom, Baba Cele ya ce gobe ka zo ka gan shi, amma daga nesa, don bai yarda da injiniyoyi ba. Kafin goben, ga kofin shayi nan a hannunka, na ga ka zuba cokali uku duk da hanin likita. Sukarin daga buhun nan ne. Allonka ne ya dafa shi a makon jiya. Sha, Oom. Ku miƙa masa biskit, ku miƙa masa hankici kuma.

Allah ya ji ƙan Tannie Marietjie, ya ƙara wa Oom lafiya, ya raya wannan gida, ya mai da kowa gidansa lafiya. Allah ya sa akwatin nan ya daɗe wayam.

Na gode.