Wurin Cajin Kwana Tara

A sabon wurin cajin motocin lantarki da ke hanyar Tirmini, Lawali ya jingine babur ɗinsa da caji ya ƙare wa, yana ta murɗa wayar cajin, gumi na zuba. Wani dattijo da ke cin gyaɗa a inuwa ya dube shi.

"Malam, bar wahalar da kanka. Ba a jona wuta ba tukuna."

"Haba Baba, ina nan aka buɗe. Da idona na ga motar manya ta sha caji. Har hannuna ya yi zafi don tafi."

"Ni ne magini. Kwana tara muka yi, fenti ma bai bushe ba aka yanke ƙyalle."

"To wutar ranar daga ina ta fito?"

"Injin ba da wuta muka ɓoye bayan katanga. Da safe na sayo masa isansi, wato fetur, jarka guda, wajen wani mai tebur a bakin tasha."

Lawali ya saki wayar a hankali.

"Jarka shuɗiya?"

"Ita."

"Ni na sayar maka. Da yamma na ce zamanin isansi ya ƙare, na sayar da tebur da kwalabe, na sayi wannan babur na lantarki. Har wa'azi na yi wa abokan sana'a. Yanzu ana jirana a Tirmini, ni zan raɗa wa jikana suna."

Dattijo ya miƙo masa gyaɗa.

"Ci ka samu ƙarfin turawa. Yaushe ne sunan?"

"Gobe da safe."

"To kafin nan za ka isa."