Cizon Kujerar Baya

A tashar mota wata mata ta diro daga kujerar baya tana sosa damtse, ta tare direban.

"Malam, motarka da kuɗin cizo! Dubi hannuna."

Ya leƙa. "Hajiya, wannan ai sauro ne. Kuɗin cizo a jere yake cizo, kamar ɗinki. Naki guda ɗaya ne."

"Kai likita ne? Sauke min kayana."

Sauran fasinjoji suka fara duba kujerunsu.

"Wallahi babu komai! Tun da ruwa ya rushe min ɗaki a kujerar nan nake kwana, ko ƙuma ba ta taɓa cizona ba."

Matar ta daina susa, ta dube shi.

"To, bar kayan," in ji ta. Ta koma ta zauna.