Sunan da Ya Ɓace a Shafi na Tara

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Murtala. Malamanmu da limamanmu. Dattawan kasuwar goro. Surukina Baba Alhaji, shugaban kwamitin gina wannan ɗakin karatu. Iyayena mata da ke zaune can baya a ƙarƙashin rumfa. Jama'ar Agege, da baƙinmu da suka hawo motar danfo tun daga Ojo da Mile 12, ina gaishe ku da gaisuwar girma.

Sunana Umaima. Ina godiya ga kwamiti da ya ɗora mini rubuta tarihin Malam Abdulgani, kakan maigidana, wanda yau za a yaye ƙyalle daga allon da ke ɗauke da sunansa. Na san dalilin da ya sa aka zaɓe ni. A gidanmu kowa ya san sau nawa miya ta ƙone ina riƙe da littafin soyayya. Aka ce, tunda karatu ya hana ta girki, a ba ta wanda zai amfane mu. Na karɓa da murna, don tun ina amarya nake kallon hotonsa a falo, ina raya shi a zuciyata kamar jaruman littattafaina.

Magana uku zan yi, kuma ina roƙon ku haƙuri.

Ta farko. Labarin da aka ba ni shi ne, a zamanin Turawa, Malam yana rubuta takardun neman 'yanci da ajami, ya cusa su da hannunsa a tsakiyar huhun goro, jirgin ƙasa ya kai su Arewa. Shi ya rubuta, shi ya ɓoye, shi ya aika, kuma ba a taɓa kama shi ba. Jama'a, na karanta littattafan da ban san adadinsu ba, kuma abu ɗaya suka koya mini: idan labari ya yi santsi da yawa, idan mutum ɗaya ya yi komai bai ko yi tuntuɓe ba, to wani ne ya zauna ya goge shi. Dattawan kasuwa, ku ne shaidata. Goro yana tafiya a bushe? Ba ruwa ake yayyafa masa ba, a naɗe shi da ɗanyen ganye? To, tawadar malamai, wadda ɗigon ruwa ɗaya yake wankewa, ta yaya za ta yi kwanaki a cikin danshi ta isa Kano ana karanta ta?

Ta biyu. Wannan tambayar ce ta kai ni ɗakin Iya Azumi, tsohuwar da ta girma a kasuwar goro, ga ta can zaune a kujerar ƙarshe. Na karanta mata abin da na rubuta. Ta yi dariya har ta yi tari, ta ce, "Ke 'yar nan, Malam ko igiyar huhu bai iya ɗaurewa ba. Hannunsa laushi kamar na jariri. Rubutu dai nasa ne, wannan ba mai ƙwace masa. Amma wa yake zaɓen goro? Wa yake naɗi? Maza kika taɓa gani?"

Na ce, "To Iya, wa ya ɓoye?"

Ta ce, "Uwata, Kalsum. A gwangwanin taba take sa takardar, ta liƙe bakin da kakin zuma, ta binne a tsakiyar goro. Sai ta yi wa igiyar ƙulli biyu a gefen hagu, don wanda zai karɓa ya gane huhun."

Ta ce ranar da 'yan sanda suka farke wani huhu suka ga takardar, Kalsum suka tafi da ita, don ƙullin nata ne, duk kasuwa ta san hannunta. Wata bakwai tana tsare. Kullum tambaya ɗaya: wa ya rubuta? Kullum amsa ɗaya: ita ba ta iya karatu ba, goro ta sani. Ta fito yatsunta biyu ba sa lanƙwasuwa, ba ta ƙara ɗaure huhu ba har ta rasu. Shi ya sa ba a taɓa kama Malam ba. Ba wayonsa ba ne, jama'a. Bakin wata mata ne da ya ƙi buɗewa.

Ta uku, kuma ita ce ta hana ni sukuni. Duk wannan na rubuta shi. Da hannuna na rubuta shi, ya cika shafi na tara, na miƙa wa kwamiti. Yanzu ku buɗe ɗan littafin da aka raba muku a ƙofa. Ku buɗe shafi na tara. Me kuka gani? Hoton jirgin ƙasa. Na tambayi mai buga littafin, ya ce, "Madam, abin da oga ya kawo shi na buga." Na ce wane ogan? Ya ce inji yana ƙara, ba ya jina. Na tambayi sakataren kwamiti, ya ce wuri ne ya yi kaɗan. Wuri ya yi kaɗan, amma sunayen 'yan kwamiti sun ci shafi biyu? Wuri ya yi kaɗan, amma Iya Azumi ko katin gayyata ba a kai mata ba, sai da na je na riƙo hannunta?

Ban kama sunan kowa ba, don ban gani da idona ba. Amma shafi ba ya tashi da ƙafarsa. Kuma ina tambayar kaina: Kalsum ɗaya ce aka cire, ko kuwa kowane jarumi da aka rataya hotonsa akwai wata Kalsum a bayan hoton?

Baba, na san a gidanka nake ci nake sha, kuma gidan zan koma idan an tashi. An gargaɗe ni da safen nan cewa matar gida ba ta kunyata surukinta a bainar jama'a. Wallahi ban zo rage darajar mahaifinka ba. Iya ta gaya mini har ya bar duniya, duk Sallah shi da kansa yake zuwa ƙofar Kalsum, ya cire takalmi ya gaishe ta. Shi bai manta ba. Mu ne muke neman mu manta a madadinsa.

Roƙona ɗaya ne. Ni aka ce in ja igiyar ƙyallen nan, kuma ba zan ja ba. Akwai fili a ƙasan allon, na auna da tafin hannuna, zai ɗauki haruffa shida. Mai fenti yana nan cikinmu. Idan an rubuta, a taso da Iya Azumi gaba, ita ta ja igiyar. Gidansu ne suka san igiya.

Allah Ya ji ƙan Malam Abdulgani. Allah Ya ji ƙan Kalsum, da duk wanda ya wahala saboda ƙasar nan ba a rubuta sunansa ba. Allah Ya shirye mu, har da wanda ya cire shafin. Allah Ya zaunar da Agege lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya, har da ni.

Na gode.