Zagin da Ta Haɗiye

A ɗakin jiran likita, wata mata riƙe da Littafi Mai Tsarki ta tarar wani magidanci ya zauna a kujerar mahaifiyarta.

"Malam, tashi. Banɗaki kawai na kai ta."

"Da sunanta a jiki ne?"

"Tsohuwa da sanda kake faɗa wa haka?"

"Ji masifa! Abin da ake koya muku a coci ke nan?"

"Ka gode wa cocin! Bakin nan nawa ne ya kori ɗana daga gida. Na durƙusa na yi wa Yesu alkawari na daina zagi. Yanzu haka haɗiye shi nake yi. Tashi, kar ka sa in karya alkawari!"

Ya miƙe. "Zauna, Mama." Sai ya dubi matar. "Yaron ya dawo kuwa?"

"Ina ruwanka!"